Gidan Talabijin na Kaduna: Daga RTK Zuwa NTA

Gidan talabijin na Kaduna shi ne na farko a Arewacin Najeriya. Ya fara aiki a watan Maris na 1962 ƙarƙashin kamfanin watsa labarai na Jihar Arewa, wato BCNN, kuma an fi saninsa da suna Rediyo Talabijin Kaduna, ko RTK a taƙaice. Siyasa ce ta haife shi. A 1953 Gwamna Macpherson ya soki jam'iyyar Action Group a rediyon gwamnatin mulkin mallaka, aka kuma hana shugabanta Obafemi Awolowo damar mayar da martani. Da tsarin mulkin 1954 ya ba jihohi ikon kafa gidajensu, sai Jihar Yamma ta buɗe talabijin a Ibadan a 1959, Jihar Gabas ta bi sahu a Enugu a 1960. Gwamnatin Firimiya Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ba za ta zauna tana jin labarinta daga bakin abokan hamayya ba. Ta haɗa jari da kamfanoni biyu na Ingila, Granada da EMI, waɗanda suka kawo na'urori da injiniyoyi, suka kuma horar da 'yan ƙasa.

Tun daga farko rediyon ne babban wa. Muryarsa tana ratsa Arewa har ta tsallaka Nijar da Chadi da Kamaru, kuma ta nan Manjo Nzeogwu ya sanar da juyin mulkin 15 ga Janairu 1966. Talabijin kuwa bai wuce Kaduna da Zariya da Kano ba. Akwatin yana da tsada, wutar lantarki sai a birni, don haka masu kallon farko manyan ma'aikata ne da attajirai. A unguwa, gida ɗaya mai akwati shi ne na kowa: bayan magariba yara su cika tsakar gida, waɗanda ba su samu wuri ba su leƙa ta taga.

Aikin cikin gidan ya bambanta da abin da mai kallo yake zato. Hoto baƙi da fari ne, kuma shirye-shirye da yawa kai tsaye ake watsa su, duk wanda ya yi tuntuɓen harshe duniya ta gani. Rahoton waje a kan fim ake ɗauko shi, sai an wanke, an yanka, an liƙa kafin lokacin labarai. Da faifan bidiyo ya zo, tsadarsa ta sa ana goge tsohon shiri a ɗauki sabo a kansa. Wannan tsimin ya yi ɓarnar da ba ta gyaruwa: wasanni da waƙoƙi da hirarraki masu yawa na wancan zamani babu su yanzu sai a bakin waɗanda suka kalla.

Abin da ya ba gidan farin jini shi ne wasan kwaikwayo na Hausa. Finafinan kaboyi da ake sayowa daga waje suna cike lokaci, amma Samanja Mazan Fama ne ke tara jama'a. Usman Baba Pategi, wanda shi kansa tsohon soja ne, ya fito da rayuwar bariki da Hausarta mai gauraye da Turancin buroka, ya sa farar hula suna yi wa kaki dariya a lokacin da soja ke mulki. Kasimu Yero ya yi fice a Karambana. Galibi ba a rubuta wa 'yan wasa kowace kalma. Furodusa ya zayyana musu ƙashin labari, kowa ya zuba nasa zancen a gaban kyamara. Daga nan daɗin maganar ya fito, daga nan kuma jan labari ya fito, wasa ya yi ta tafiya ba a san inda zai tsaya ba. Finafinan bidiyo na Kano, waɗanda suka soma da Turmin Danya a 1990, sun gaji ɗabi'un biyu.

Bayan an raba ƙasa zuwa jihohi 12 a 1967, gidan ya zama kadarar haɗin gwiwa ta jihohin Arewa shida. Wannan zama bai daɗe ba. Dokar soja mai lamba 24 ta 1977 ta kafa hukumar talabijin ta ƙasa, NTA, ta kuma karɓe dukkan gidajen talabijin na jihohi. Aka raba tagwayen: talabijin ya koma NTA Kaduna, rediyo ya shiga ƙarƙashin hukumar rediyo ta tarayya, FRCN, a 1978. An samu hoto mai launi da kuɗin tarayya, amma an rasa iko a kan lokaci. Sa'o'in da suka fi yawan masu kallo suka zama na haɗaka, musamman labaran ƙarfe tara na dare daga Legas, shirye-shiryen Hausa suka koma cike gurbi.

Giɓin da wannan ya bari ne jihohi suka yi ƙoƙarin cikewa da tsarin mulkin 1979 ya dawo musu da dama. A Kano, gwamnatin jam'iyyar PRP ta Abubakar Rimi, wadda ke ganin NTA ta zama kakakin jam'iyyar NPN mai mulkin tarayya, ta kafa CTV 67, wanda yanzu ake kira ARTV. Dokar 1992 ta buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa, tauraron ɗan'adam ya biyo baya, kuma a 2014 Arewa24 ta fara watsa shirye-shiryen Hausa dare da rana. NTA Kaduna ta ci gaba a matsayin cibiyar shiyya, tana ɗaukar hawan sallah da tafsirin azumi da labaran gwamnati, kuma a ƙarshen 2017 aka ƙaddamar da tsarin dijital a Jihar Kaduna.