Mutum Biyar Sun Isa: Asalin Ƙungiyoyin Masu Karɓar 'Yan Gudun Hijira a Kanada

A shekarar 1976 aka gabatar wa majalisar dokokin Kanada sabuwar dokar shige da fice, wadda ta fara aiki a 1978. A cikinta akwai wani ɗan sashe da kusan ba wanda ya kula da shi a lokacin. Sashen ya ba ƙungiya, ko mutum biyar da suka haɗa kai, izinin ɗaukar nauyin ɗan gudun hijira: gwamnati ta tantance shi ta ba shi takardar zama, su kuma su nema masa gida, su ciyar da shi, su tufatar da shi har shekara guda. Doka ce a takarda, tana jiran masu amfani da ita.

Ba ta daɗe tana jira ba. Bayan faɗuwar birnin Saigon a 1975, mutanen Biyetnam sun yi ta tserewa ta teku cikin ƙananan jirage, wasu su nitse, wasu 'yan fashin teku su afka musu. A watan Nuwamba na 1978 wani tsohon jirgin dakon kaya mai suna Hai Hong ya isa gaɓar Malesiya ɗauke da mutum wajen 2,500, aka hana su sauka. Kanada ta ɗebi kimanin 600 daga cikinsu, jama'a kuma suka ga halin da suke ciki a talabijin.

Waɗanda suka fara motsawa su ne Kiristocin ɗariƙar Menonayit. Da yawansu 'ya'ya da jikokin mutanen da suka tsero daga Tarayyar Sobiyet ne a shekarun 1920, don haka ba sai an yi musu bayanin gudun hijira ba. A watan Maris na 1979 babban kwamitinsu ya sa hannu kan yarjejeniya da gwamnati, ya tsaya wa ƙananan majami'unsa: idan wata majami'a ta ɗauki iyali ta kasa, kwamitin zai cike giɓin. Wasu coci-coci suka bi sahu.

A watan Yuni na shekarar, wani malamin falsafa a Jami'ar York, Howard Adelman, ya tara maƙwabta da malaman addini a gidansa a Toronto. Niyyarsu su rubuta wa gwamnati wasiƙa ta ƙara yawan waɗanda za ta karɓa. Sai jami'an shige da fice suka halarci zaman, suka nuna musu cewa doka ta riga ta ba su damar yin aikin da kansu. Wata jarida ta buga labarin, aka sa wa yunƙurin suna Operation Lifeline, kuma kafin 'yan makonni rassa sun bazu a faɗin ƙasar. A Ottawa, magajiyar gari Marion Dewar ta ji gwamnati na shirin karɓar mutum 8,000, ta ce birninta kaɗai zai ɗauki rabi. Haka aka haifi Project 4000.

Gwamnatin Firayim Minista Joe Clark ta amsa a watan Yuli: za a karɓi mutum 50,000, kuma duk wanda jama'a suka ɗauki nauyinsa, gwamnati za ta ɗauki wani guda a kansa. Ba kowa ne ya yi murna ba. Wata ƙungiya mai suna National Citizens' Coalition ta sayi shafuka a jaridu tana gargaɗin cewa baƙin za su mamaye ƙasar. Duk da haka masu sa kai suka zarce abin da aka zata. Da gwamnati ta ga haka, a ƙarshen 1979 ta janye alkawarin nan na ɗaya bisa ɗaya, abin da ya ɓata wa ƙungiyoyin rai ƙwarai, kuma da gaskiyarsu. Sun shigo ne don a ƙara yawan waɗanda za a ceta, ba don hukuma ta sauke musu kayanta ba. Gwamnatin da ta biyo baya ta ƙara gurbi 10,000. Zuwa ƙarshen 1980 mutum wajen 60,000 daga Biyetnam, Kambodiya da Laos sun sauka a Kanada, fiye da rabinsu a hannun talakawa. A 1986 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba al'ummar ƙasar baki ɗaya lambar yabo ta Nansen.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda aikin yake a zahiri. Mutum biyar ko goma ne, wani malamin makaranta, wata mai ritaya, wani manomi. Su je filin jirgi su tari iyalin da ba su taɓa gani ba, da rigunan sanyi a hannu, domin wanda ya fito daga ƙasa mai zafi bai san dusar ƙanƙara ba. Wannan ya nemo gidan haya, wancan ya sa yara a makaranta, wata ta raka uwar gida asibiti, wani ya koya wa maigida shiga bas da neman aiki. Bahaushen da ya san haƙƙin baƙo a kan mai masauki zai gane wannan nauyin, sai dai a nan an rubuta shi, an sa hannu, an yanka masa wa'adi.

Tsarin yana da tabonsa. Baƙon da ci da shansa ke hannun wasu ba ya iya musu da su ko da sun matsa masa. Amma yana da wata daraja da ta raya shi: masu ɗaukar nauyi suna iya ambaton sunan wanda suke so a kawo. Ta haka waɗanda aka karɓa jiya suka zama masu karɓa, 'yan Eritiriya, Somaliya, Iraƙi da Afganistan suka riƙa haɗa kuɗi a masallatai da coci-coci suna ɗauko 'yan uwansu daga sansanoni.

A 2015 aka kafa Lifeline Syria a Toronto domin 'yan gudun hijirar Siriya, da sunan da ke tuna Operation Lifeline. Da hoton gawar wani yaro ɗan gudun hijirar Siriya mai suna Alan Kurdi ya bayyana a watan Satumba, aka kuma ji cewa gwaggonsa a Kanada take zaune, sai ƙungiyoyi suka cika da masu neman shiga. Zuwa ƙarshen Fabrairun 2016 Siriyawa 25,000 sun iso. Birtaniya ta fara nata tsarin a 2016, Amurka ta gwada a 2023. A Kanada kuwa, waɗanda aka karɓa ta wannan hanya tun 1979 sun haura 300,000.

Yanzu masu son ɗaukar nauyi sun fi gurbin da hukuma ke warewa yawa, takardu sun taru, iyalai suna shekaru suna jira. A watan Nuwamba na 2024 gwamnati ta dakatar da karɓar sababbin buƙatu daga rukunin mutum biyar, ta ce sai ta rage na ƙasa. Akwai waɗanda suka riga suka tara kuɗin shekara guda cif, suka san sunan wanda suke jira da sansanin da yake, amma ba su da inda za su miƙa takardarsa.