Fim ɗin Shaihu Umar a Ma'auni: Kallon Mutumin Garwa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. 

Samarinmu na Garwa sun taso cikin finafinan Kano, har wasunsu na zaton da Turmin Danya na 1990 aka fara ɗaukar labarin Bahaushe a fim. To, shekara goma sha huɗu kafin nan, a 1976, Adamu Halilu ya shirya fim ɗin Shaihu Umar da harshen Hausa. Tushensa littafin da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta domin gasar da Rupert East ya shirya a 1933. Daga baya Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da littafin wasan kwaikwayo, kuma Umaru Ladan ɗin ne ya fito a matsayin Shaihu. Fim ɗin ya daɗe a ɓace. Sai a 2016 aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Najeriya, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018.

Mu fara da nagartarsa. Labarin yana buɗewa ne da almajirai suna tambayar malaminsu asalinsa, shi kuwa ya shiga ba su labari. Duk wanda ya yi karatun zaure ya san irin wannan zama. Masu cewa fim ɗin ya cika nawa, tun da ya haura awa biyu, ba su lura ba cewa tafiyar ayari da zancen malami ba a yi musu gaggawa. Ga kuma Hausar da ba ta da gauraye, wadda yau sai a bakin tsofaffi ake jin irinta.

Babban nauyinsa kuwa shi ne batun bauta. An sace Umar yana yaro, ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim, wanda ya kai shi ƙasarsu ya ilmantar da shi. Mahaifiyarsa ta fita nemansa, ita ma aka bautar da ita, aka ƙetara hamada da ita. Ta sadu da ɗanta a ƙarshen rayuwarta, ba ta daɗe ba ta cika. Musulma ce, ɗiya ce, kuma Musulmi ne suka sayar da ita, abin da shari'a ta haramta.

A nan kuma nake ganin rauninsa. Labarin ya bi sawun yaro ɗaya da ya dace da ubangida mai tausayi, har ya zama malami abin girmamawa. Mai kallo yana iya tashi da tunanin cewa bauta jarrabawa ce mai kyakkyawan ƙarshe. Amma cikin waɗanda aka ɗaure aka bi hanyar Murzuk da su zuwa Tarabulus, nawa ne suka zama Shaihu? Rabon mafi yawansu shi ne rabon uwar.

Mu mutanen Binuwai bai kamata mu kalli wannan fim kamar labarin wata ƙasa ba. Ƙarshen ƙarni na 19 da labarin ya faru a cikinsa shi ne zamanin Rabe, wanda ya ci Barno a 1893, aka kashe shi a Kusiri a 1900. A wannan zamani Adamawa tana cikin manyan wuraren da ake samo bayi, Ngaundare ta shahara da hare-hare, kuma fataken Hausawa da suka zauna a garuruwan nan ba goro da tufafi da hauren giwa kaɗai suka yi ciniki ba. Jamusawa sun ci Garwa a 1901, amma cinikin bai mutu ranar ba. Har yau idan maganar aure ta taso, akwai gidajen da ake raɗa a kan asalinsu.

Hukuncina shi ne alherin fim ɗin ya rinjayi rauninsa. Wanda ya samu damar kallonsa, ya zauna da 'ya'yansa, ya kuma tsaya da su a kan labarin uwar nan fiye da na ɗanta. Allah Ya jiƙan magabata, waɗanda aka zalunta Ya saka musu, mu kuma Ya sa mu dace. Amin.