Ɗaliban Likitanci a Bakin Gadonka: Abin da Ya Kamata Ka Sani

Idan aka tura ka daga Babban Asibitin Haɗejia zuwa Asibitin Koyarwa na Rasheed Shekoni da ke Dutse, ko na Malam Aminu Kano, za ka ga babban likita yana zagayen duba marasa lafiya, wasu matasa masu fararen riguna na biye da shi. Da yawansu ɗalibai ne.

Su wane ne?

Karatun likita a Najeriya shekara 6 ne, kuma daga shekara ta 4 ɗalibi yake fara shiga ɗakunan marasa lafiya. Zai iya tambayarka tarihin ciwonka, ya auna hawan jininka, ya saurari ƙirjinka. Ba shi da lasisin rubuta maka magani ko yanke shawara kan jinyarka. Wannan aikin likita ne.

Yaya marasa lafiya suke ji?

Yawanci ba su damu da tambayoyi ba. Wasu ma sun fi sakin jiki da ɗalibi, domin yana da lokacin zama ya saurare su. Damuwar tana zuwa ne idan aka zo buɗe jiki. Manomi ko masunci daga Auyo ko Guri da ke fama da tsargiya, wato fitsarin jini, zai ji nauyin faɗin haka gaban mutum goma. Mace mai naƙuda ba za ta so ɗalibi namiji ya duba ta ba. Da yawa sukan yi shiru don kunya, ko don tsoron kada a yi watsi da su. Shirun yana da illa: wanda ya ɓoye alamar ciwonsa saboda taron jama'a, zai iya komawa gida da maganin da bai dace ba.

Haƙƙinka

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ba ka haƙƙin a yi maka bayani, a kuma rufa sirrinka. Saboda haka:

• Ka tambayi duk wanda zai taɓa ka: likita ne ko ɗalibi?
• Kana iya yarda da tambayoyi, ka ƙi gwajin jiki.
• Kana iya neman a rage yawansu, a ja labule.
• Idan ke mace ce, ki nemi ɗaliba mace, ko ma'aikaciyar jinya ta tsaya kusa da ke.
• Ƙin yarda ba dalili ba ne na rage maka kulawa. Idan ka ga sauyi, ka sanar da shugabar ɗakin.

Idan ka amince

Babu likitan da ya ƙware daga littafi kaɗai. Ɗalibin da ya koyi gane tsargiya ko zazzaɓin cizon sauro mai tsanani a wurinka, wataƙila shi ne zai karɓi ɗanka a Haɗejia nan da 'yan shekaru. Ka faɗa masa gaskiyar yadda kake ji, kuma idan gwajin ya yi maka zafi, ka ce ya dakata.