Allunan Sanarwa na Dijital a Birnin Katsina: Nazari kan Kulle Na'ura ga Aiki Ɗaya da Yadda Ake Kula da Ita

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda ake kafa allunan sanarwa na dijital waɗanda aka kulle ga aiki ɗaya, da yadda ake tafiyar da su bayan an kafa, bisa la'akari da yanayin birnin Katsina. An kwatanta hanyoyin kulle da Android da Windows da ChromeOS da Linux suka tanada, sannan aka auna su da halin wutar lantarki, zafi da ƙura, sabis na intanet, da kuma hannun da ke riƙe da makullin na'urar. Nazarin ya nuna cewa kulle na'ura shi ne ɓangare mafi sauƙi na aikin. Abin da ke raba allon da zai daɗe da wanda zai mutu a bango shi ne iya farfaɗowa da kansa bayan an ɗauke wuta, da kuma kasancewar asusun kula da shi a hannun hukumar da ta saya.

Muhimman kalmomi: allon sanarwa, kullen aiki ɗaya, kula daga nesa, wutar lantarki, Katsina.

1.0 Gabatarwa

Mutumin Katsina ya daɗe yana mu'amala da na'urar da aka kulle ga aiki ɗaya. Injin cirar kuɗi na banki kwamfuta ce cikakkiya, amma ba ta nuna wa mai kati komai sai shafin cirar kuɗi. Yawancin na'urorin POS na zamani da ke hannun matasa a Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Ƙwaya da bakin Babbar Kasuwa, Android ce a cikinsu, an rufe mata kowace ƙofa sai ta ciniki. Haka na'urar BVAS da hukumar zaɓe ta INEC ta yi aiki da ita a zaɓen 2023, haka kwamfutocin da ɗalibai ke rubuta jarrabawar JAMB a kansu tun da aka koma tsarin kwamfuta gaba ɗaya a 2015. Dabarar ɗaya ce: a hana mai amfani fita daga manhajar da aka nufa.

Allon sanarwa na dijital ɗan gidan nan ne, sai dai ya bambanta da 'yan'uwansa ta fuska guda mai muhimmanci. POS tana da mai ita a zaune kusa da ita, jarrabawa tana da mai sa ido, allon sanarwa kuwa an rataye shi ne a bango an tafi. A wurare irin su zauren jiran asibiti, harabar jami'a, ɗakin jiran fasinja a filin jirgin sama ko banki, ana so ya nuna lambar layi, jadawalin lacca, lokacin tashin jirgi ko farashi, daga safe zuwa dare, ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Birnin da ke da Asibitin Koyarwa na Tarayya, Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, Jami'ar Al-Qalam da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina yana da wuraren da buƙatar irin wannan allo ba ta ɓuya. Tambayar maƙalar ita ce: wane irin shiri ne zai sa allon ya ci gaba da aiki a nan?

2.0 Hanyar nazari

An bi hanyar kwatance. An ɗauko abin da kamfanonin da suka ƙera tsarukan suka bayyana game da yadda kullensu ke aiki, aka jera shi kusa da sanannun al'amuran wuta da yanayi da sadarwa na Katsina da kewayenta. An taƙaita nazarin ga allunan cikin gini da na bakin ƙofa. Manyan allunan talla na kan titi suna da nasu sha'anin daban.

3.0 Hanyoyin kulle

A Android akwai matakai biyu da ake yawan rikitawa. Na farko shi ne manna manhaja a fuskar allo, wanda ya zo da Android 5.0 a 2014. Wannan kulle ne na wucin gadi, duk yaron da ya san maɓallan da ake dannewa tare zai fita daga cikinsa. Na biyu shi ne kullen gaske, wanda sai an mayar da na'urar sabuwa fil, sannan a naɗa wata manhajar kula a matsayin mai mallakar na'urar tun kafin a shigar da kowane asusu. Daga Android 7.0 ana iya yin wannan rajista ta hanyar taɓa shafin maraba sau shida a karanta lambar QR. Bayan haka mai kula zai iya ɓoye maɓallin komawa gida, ya toshe saituna, ya hana sanya wata manhaja, ya kuma umarci manhajar sanarwa ta tashi da zarar an kunna.

Windows tana da Assigned Access tun daga Windows 8.1, inda ake ware asusu ɗaya da ba ya buɗe komai sai manhaja guda, galibi burauzar Edge a cike da allo. Akwai kuma Shell Launcher ga masu bugun Enterprise da Education da IoT. Abin lura a nan shi ne Microsoft ta sanya 14 ga Oktoban 2025 a matsayin ranar daina tallafa wa Windows 10 ta gama-gari, kuma tsofaffin kwamfutocin ofis da ake ɗaurawa bayan talabijin don a rage kashe kuɗi yawancinsu ita suke ɗauke da ita.

ChromeOS tana da kulle mai tsafta, amma sai da lasisi da rajista a dandalin kula na Google, wanda ake biya da kuɗin waje. Linux a kan ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi ita ce mafi araha: a kunna burauzar Chromium cikin yanayin cika allo, ko a ɗora manhaja ta kyauta irin Anthias. Manhajar Xibo ma tana da uwar garken da hukuma za ta iya ajiyewa a cikin gininta. Allunan kasuwanci na Samsung da LG kuma suna zuwa da ƙaramar kwamfutarsu a ciki, ba sai an rataya musu akwatin kwamfuta daban ba.

Dukkan waɗannan hanyoyi suna kullewa yadda ya kamata idan an bi ƙa'ida. Bambancinsu yana fitowa ne bayan an ɗauke wuta.

4.0 Wuta

Katsina tana ƙarƙashin kamfanin wuta na KEDCO tare da Kano da Jigawa. Ko a rukunin Band A, wanda hukumar NERC ta ɗaga farashinsa zuwa naira 225 kan kowane kilowat-awa a Afrilun 2024, alkawarin da aka yi shi ne awa 20 a rana, ba 24 ba. A ƙarshen Oktoban 2024 jihohin Arewa da dama sun kwana a duhu na tsawon kwanaki saboda lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta. Ma'aikata mai janareta ma ba ta tsira ba, domin duk sauyin da za a yi daga wutar gari zuwa janareta, ko daga janareta zuwa inbata, yankewa ce ta daƙiƙu da ta isa ta kashe kwamfuta.

Kuɗin wutar ba shi ne damuwa ba. Allon da ke cin wat 100, idan ya yi awa 12, ya ci kilowat-awa 1.2, wato naira 270 a rana bisa wancan farashi. Damuwar ita ce jerin abubuwan da dole su faru, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da hannun mutum ba, a duk lokacin da wuta ta dawo. Akwatin ya kunna kansa. Allon ya kunna kansa, ya kuma koma kan mashigar HDMI da ta dace. Tsarin ya shiga asusu ba tare da neman kalmar sirri ba. Manhajar ta tashi, ta ɗauko abin da za ta nuna. Idan guda ya tsaya, sauran sun tashi a banza.

Kowane mataki yana da maganinsa. A kwamfutar Windows akwai saiti a BIOS da ke sa ta kunna kanta idan wuta ta dawo, kuma yawanci a kashe yake zuwa daga kamfani. Talabijin ɗin gida da yawa suna komawa yanayin jira ne, sai an nemo rimot. Allon kasuwanci yana da saitin tashi kai tsaye, ko kuma akwatin ya tashe shi ta HDMI-CEC. Raspberry Pi tana tashi da kanta, amma tana da rauni biyu. Katin ajiyarta yana lalacewa idan wuta ta yanke tana tsakiyar rubutu, don haka wajibi ne a mayar da tsarin fayil ɗinta na karantawa kawai. Na biyun ya fi ɓuya: samfuran da suka gabaci Raspberry Pi 5 ta 2023 ba su da agogon ciki mai batir. Idan suka tashi babu intanet, kwanan watansu yakan kauce, jadawalin sanarwa ya rikice, shafukan da ke da takardar tsaro su ƙi buɗewa. Ga allon da ke nuna lokutan salla ko na ganin likita, agogon da ya kauce ya fi allon da ya mutu illa, domin mutane za su gaskata shi.

A ra'ayin wannan maƙala, kafin a karɓi aiki daga ɗan kwangila ya kamata a zare filogi a mayar sau da yawa a jere, rimot yana aljihun mai karɓa. Allon da bai dawo kan sanarwarsa da kansa ba, ba a gama aikinsa ba.

5.0 Zafi da ƙura

A watannin Afrilu da Mayu zafin Katsina kan haura digiri 40, alhali yawancin allunan cikin gini an ƙera su ne don aiki tsakanin digiri 0 zuwa 40. Akwatin da aka cusa tsakanin bango da bayan allo yana cikin wurin da ya fi ɗakin zafi. Raspberry Pi tana rage gudunta da kanta idan ƙwaƙwalwarta ta kai digiri 80 zuwa 85, sai a ga bidiyo yana tsattsayawa. Kwamfutar hannu da aka bari a jone da caji dare da rana, batirinta kan kumbura. Hunturu kuma yana zuwa da ƙurar da ke toshe fanka, shi ya sa akwatin da ba shi da fanka, mai jikin ƙarfe, ya fi dacewa. Talabijin ɗin gida ya fi sauƙin kuɗi, amma ba a yi shi don aikin awa 16 ko 24 a rana ba, haskensa kuma ba ya iya gogayya da ranar da ke shigowa ta ƙofa. Araha ba ta ado.

6.0 Sabis da tsaro

Kamfanonin da ke sayar da manhajar sanarwa suna tallata kula daga nesa: mutum ɗaya a ofis ya sauya abin da alluna hamsin ke nunawa. Amfanin a bayyane yake, amma ya rataya ne kan sabis. A Satumban 2021 an rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar tsaro, kuma rufewar ta ɗauki watanni. A 14 ga Maris 2024 yankewar wayoyin ƙarƙashin teku a gaɓar Afirka ta Yamma ta gurgunta intanet a Najeriya. Saboda haka allon da ke buɗe shafin intanet kai tsaye a kowane tashi bai dace da nan ba. Wanda ya dace shi ne mai sauke abin nunawa ya ajiye a cikinsa, ya ci gaba da juya shi ko sabis ya tafi. Wannan ya kuma rage cin data.

Ita ma kula daga nesan tana da haɗarinta. A 19 ga Yulin 2024 wani sabuntawa na kamfanin CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5, aka ga allunan filayen jirgin sama a ƙasashe da dama sun koma shuɗi. Darasin ga ƙaramar ma'aikata shi ne a gwada kowane sabuntawa kan allo ɗaya tukuna, a kuma sanya shi a lokacin da ba kowa a zaure. Akwatunan Android marasa suna da ake samu da arha suna da tasu matsalar: a Yunin 2025 hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi kan BADBOX 2.0, muguwar manhajar da ke zuwa a cikin irin waɗannan na'urori, wasu tun kafin a saye su. Jona irin wannan akwati da hanyar sadarwar da ke ɗauke da bayanan marasa lafiya ganganci ne. A ware wa alluna layinsu, a toshe ramukan USB. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ma ta shafi abin da ake nunawa, don haka allon asibiti ya kira mutum da lamba, ya bar sunansa.

Akwai ƙaramin abu da ake mantawa: rubutun Hausa. Font ɗin da ba shi da ɓ, ɗ da ƙ yakan nuna akwati a gurbinsu, ko ya aro harafin daga wani salo, kalmar ta fito a karkace. Dangin Noto na Google suna da su, kuma kyauta ne.

7.0 Makulli a hannun wa?

Kullen gaske yana da sharaɗi: wanda ya yi rajistar na'ura shi ne mai ita a idon tsarin. Idan ɗan kwangila ya yi rajistar da imel ɗinsa, ko ma'aikacin da ya kafa ta aka yi masa canjin wurin aiki ya tafi da kalmar sirri, hukuma tana da allo a bango amma ba ta da ikon sauya harafi ɗaya a kansa. Lasisin shekara da ake biya da dala shi ma yakan ƙare ba tare da an sa shi a kasafi ba. Kullen da aka yi don hana baƙo shi ne ke hana mai gida.

Saboda haka takardar kwangila ta ƙunshi cewa asusun kula na hukuma ne, da imel ɗin hukuma, ma'aikata biyu aƙalla suna da damar shiga, an kuma rubuta hanyar fita daga kulle an ajiye a fayil. A naɗa wanda alhakin sabunta sanarwa ke wuyansa, domin allon da ke nuna jadawalin zangon da ya wuce mutane sun daina ɗaga kai su dube shi. Ga sassan nazarin kwamfuta na manyan makarantun Katsina, akwai aikin ɗalibai a shirye: a rataye akwatuna iri uku a gini ɗaya daga Nuwamba zuwa Mayu, a riƙa rubuta sau nawa kowanne ya buƙaci hannun mutum kafin ya dawo aiki, a buga sakamakon don masu saye su gani.