Kiran Kifi: Tarihin Ƙoto da Kayan Zuba Shi Cikin Ruwa

Gabatarwa

Tun can asali hanyoyin su iri biyu ne. Akwai masuncin da ke bin kifi inda yake, da mashi ko koma ko birgi, akwai kuma wanda ke zaunawa wuri guda ya sa kifi ya zo da kansa. Na farko da ƙarfin dantse da saurin ido yake aiki, na biyu kuwa da haƙuri da sanin halin kifi. Makaminsa shi ne ƙoto, wato abincin da ake zubawa cikin ruwa don a tara kifi. Sai dai ruwa ba ya riƙe ajiya. In an watsa dusa a gulbi, kafin a ƙifta ido igiyar ruwa ta tafi da ita, kifi ya bi ta can nesa da mai ƙugiya. In kuma an zuba da yawa, kifi ya ƙoshi ya yi tafiyarsa. Saboda haka matsalar da masunta suka daɗe suna fama da ita guda ce: yaya za a kai abinci ƙasan ruwa, ya tsaya wuri ɗaya, ya riƙa fita kaɗan-kaɗan, ya tayar da kwaɗayin kifi ba tare da ya kashe masa yunwa ba? Tarihin amsoshin da aka bai wa wannan tambaya shi ne abin da za mu bi diddiginsa a wannan maƙala.

Bahar Rum: sabo kafin kamu

Daga cikin tsofaffin bayanai da suka iso gare mu a rubuce akwai na Filini Babba, masanin nan na Rum da ya rasu a shekara ta 79 lokacin aman dutsen Besubiyo. Ya ba da labarin masuntan wasu ƴan tsibirai da ke gaɓar kudancin Turkiyya ta yau, da yadda suke kama wani kifi mai suna antiyas. Masunci yakan fita da ƙaramin jirginsa kullum a lokaci ɗaya, da tufafi masu launi ɗaya, ya je wuri ɗaya ya zuba abinci. Kwanakin farko kifi na tsoro. Daga baya guda ɗaya ya yi ƙarfin hali ya ci. Wannan kifin masunci ke shaidawa da kyau, don shi ne zai jawo sauran, kuma ba a taɓa shi. Idan garke ya saba har yana karɓar abinci daga hannu, sai a ɓoye ƙugiya cikin ƙoto, a riƙa zare su ɗai-ɗai a hankali, abokin aiki yana rufe kowane da tsumma don kada fantsamarsa ta kori ƴan uwansa. Bahaushe ya ce sabo da kaza ba ya hana a yanka ta. Filini ya ƙara da cewa wani masunci da ya ɓata da abokinsa ya kama jagoran garken da gangan, abokin ya gane kifin a kasuwa, ya kai ƙara, aka kuwa ci mai laifin tara. Ashe tun wancan zamani an san cewa kifin da aka saba wa ci a wuri dukiya ce, har shari'a tana kare ta.

Bayan kimanin shekara 100, wani mawaƙi Bagirke mai suna Opiyan ya tsara doguwar waƙa kan kifaye da dabarun kama su, ya sadaukar da ita ga sarkin Rum Markus Oreliyus da ɗansa. A cikinta ne muke ganin kayan aiki ya karɓi matsayin hannu. Ya siffanta wani babban kwando na saƙa da ake sa gasasshen naman halittun teku a ciki, a nutsar da shi, ƙauri ya bazu cikin ruwa. Masunci ba ya gaggawar jawo shi. Yakan bar kifi ya shiga ya ci ya fita, ya komo da wasu, shi kuwa yana ta sabunta abinci, har ranar da kwando ya cika, sannan ya rufe bakinsa ya ɗaga. Wannan kwando, kafin ya zama tarko, akushi ne.

Ingila: daga dunƙule zuwa keji

A Ingila ne wannan sana'a ta fi samun marubuta, domin can kamun kifi da fatsa ya zama abin shaƙatawa tun da wuri. Littafin Izaak Walton, wanda ya fara fitowa a 1653, ya bayyana yadda ake dafa tsiron sha'ir da aka ɓarza, a tace, a matse shi dunƙule-dunƙule da hannu, a jefa cikin ruwa da dare, a dawo da asuba a tarar kifi ya taru. Matsewar nan ita ce sirrin: dunƙule mai tauri yana nutsewa har ƙasa kafin ya wargaje. Akwai ma wata dabara a littafin wadda ta fi wannan ban mamaki. A yanko ƙasa mai ɗauke da gajeriyar ciyawa, a ɗinke tana bisa ciyawar da allura da koren zare, a ɗora kan faifan katako, a zura da igiya har ƙasan ruwa, a bar kifi ya yi kwana 2 ko 3 yana ci ba mai damunsa.

A ƙarni na 19 masuntan kogin Tems, masu ɗaukar attajiran Landan cikin jiragensu don lada, sun shahara da cuɗa yumɓu da dusa da tana. Nauyin yumɓu ke kai dunƙulen ƙasa, ruwa na cinsa sannu a hankali, tana na sulalewa ɗaya bayan ɗaya. Amma aikin yana cin kuɗi da kwanaki, kuma sai mai jirgi ke iya yinsa a tsakiyar kogi.

Talaka mai zama bakin gaɓa bai samu tasa hanyar ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da roba ta yi araha. A nan ne aka samu abin da suke kira fida, ma'ana mai ciyarwa: ɗan bututu ko keji mai huji-huji, tsawonsa bai kai yatsa ba, da dalma a gefe, ana ɗaura shi a jikin zaren fatsa kusa da ƙugiya. Wasu masunta da abin naɗe gashin mata suka fara haɗa nasu. Iri biyu ne suka fi yaɗuwa. Mai buɗaɗɗen baki ana cusa masa jiƙaƙƙen gari, ya zube in ya isa ƙasa. Mai murfi kuwa tsutsa ake cika shi da ita, tana rarrafowa ta hujin da kanta. Hikimar ita ce duk inda ƙugiya ta faɗa, nan abinci ya faɗa, ko da nisan jifa ya kai mita 50. A kogin Severn, inda aka zuba wani kifi mai gashin baki a 1956 ya kuma hayayyafa ƙwarai, fida ta zama abin yayi a shekarun 1970, har tsofaffin gwanaye suna gunaguni cewa ta daidaita gwani da ɗan koyo.

Daga nan ƙirƙira ba ta tsaya ba. Aka fito da ƴar jakar leda mai narkewa cikin ruwa, da wani gwangwani mai siffar roka da ke kifewa ya zazzage abin da ke cikinsa in ya faɗa ruwa, da ƙananan jirage masu batir da ake sarrafawa daga gaɓa su kai ƙoto inda jifa ba ta kaiwa. A 2011 aka fara gasar duniya ta kamun kifi da fida, a 2013 kuma aka yi ta a Afirka ta Kudu, ƙasar da masu fatsa suka daɗe suna dunƙula garin masara kusa da ƙugiyoyinsu, suna kiransa bam ɗin masara.

Manyan tekuna: ƙoto mai rai

Mai karatu zai tuna Ibn Batuta, matafiyin da ya ratsa Takadda, a yankin Agadas, a 1353. Shekara 10 kafin haka ya sauka tsibiran Maldib, cikin tekun Indiya, har ya yi alƙalanci a can, kuma ya ba da labarin wani kifi mai jan nama da mutanen wurin ke dafawa su busar, a kai shi Indiya da Sin da Yaman. Kifin nan dangin tuna ne. Hanyar gargajiya ta kama shi, a Maldib da Japan, ta dogara ne kan jirgin da shi kansa ma'ajin ƙoto ne: a cikinsa akwai wurin ruwa da ake ajiye ƙananan kifaye da ransu. In an riski garke, mutum ɗaya yana watsa su cikin teku da awo, ana kuma fesa ruwa a gefen jirgi don tuna ta ɗauka ƙananan kifin sun fi haka yawa, kuma kada ta ga inuwar mutane. Sai hauka ya kama garke, yana cafkar ƙugiya ko babu kome a jikinta. A rabin ƙarshe na ƙarni na 20 irin waɗannan jirage sun kafu a Dakar da Tema, nan Afirka ta Yamma. Abin lura shi ne kifi ɗai-ɗai ake ɗagawa, shi ya sa ake yaba wa wannan hanya da cewa ba ta kwashe abin da ba a nema ba, kamar yadda manyan taruna ke yi.

Ruwayenmu: gura da dumba

Mu ma nan ba a bar mu a baya ba. Masuntanmu sun san tana da gara da hanjin kaza, sun san tarwaɗa da hanci take neman abinci, karfasa kuwa tana son dusa. Amma abin da ya fi sauya sana'ar a zamaninmu shi ne gura, tarkon da aka fi danganta zuwansa da masuntan Mali. Ƙirarsa ba wuya: sassauƙan itace a lanƙwasa, a lulluɓe da raga, a bar ƴan ƙofofi masu sauƙin shiga da wuyar fita, a sa dunƙulen dafaffiyar dusar gero ko dawa ko shinkafa a ciki. Dusa tana narkewa a hankali, ƙamshinta yana bin ruwa. In aka duba da kyau, kwandon Opiyan ne da dunƙulen Walton suka haɗu a wuri guda, ba tare da wani ya koya daga wani ba.

Yaɗuwar gura tana da alaƙa da tarihin tafkin Cadi. A farkon shekarun 1960 faɗin tafkin ya kai wajen kilomita murabba'i 25,000. Farin 1973 ya raba shi gida biyu, na 1984 kuma ya ƙara tsuke shi, har ɓangaren Nijar ya yi shekaru a bushe. Da ruwa ya riƙa komowa, bai komo da zurfinsa na da ba, sai fadama mai ciyayi da ƴan hanyoyin ruwa, inda babban taru ba ya jawuwa. A irin wannan wuri gura ce sarauniya. Tana da araha, mai ƙaramin jari yana iya mallakarta, ba ta kuma buƙatar babban jirgi. Sai aka shiga jera ɗaruruwanta a layi ɗaya ana datse hanyar ruwa baki ɗaya, abin da ake kira dumba.

Nan fa gardama ta tashi. Dumba tana cika kwandon banda, amma tana tare kifin da ke kan hanyarsa ta zuwa yin ƙwai, in kuma idon raga ya cika ƙanƙanta, har ƴaƴan kifi ba sa tsira. Wanda ya samu izinin datse hanya ya ci, na bayansa ya kwana da yunwa. Saboda haka batun wa ke ba da wurin dumba, da nawa ake biya, ya zama abin ja-in-ja tsakanin masunta da sarakunan ruwa da hukuma a sassa da dama na tafkin.

Kammalawa

Abin da wannan tarihi ke nuna mana shi ne, daga gaɓar Turkiyya zuwa Tems, daga Maldib zuwa tafkin Cadi, tunani ɗaya ne ya yi ta sauya tufafi: a ba kifi kaɗan don a samu da yawa. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji masu iya magana, kuma a kan kwaɗayin kifi aka gina dukan waɗannan dabaru. Sai dai karin maganar ba kifi kaɗai ta shafa ba. A Turai an gano cewa yawan zuba ƙoto yana ƙara wa tafki taki, gansakuka ta yi yawa, iskar da kifi ke shaƙa ta ragu, don haka wasu tafkuna suka ƙayyade shi, a gasa ma akwai iyakar abin da kowa zai zuba. A nan gida, dokar kamun kifi ta 1998 ta haramta su da guba da nakiya, domin mai zuba guba ba kiran kifi yake yi ba, kashe gulbi yake yi.

Akwai aiki a gaban malaman makaranta da ƙungiyoyin raya al'adu. Sanin da Walton ya rubuta ya rayu fiye da shekara 370 saboda ya shiga takarda. Namu kuwa yana bakin dattawan masunta na Gaya da Madarunfa da Tabalak da Boso: sunayen tarkuna, irin dusar da kowane kifi ke so, watan da ake barin ruwa ya huta, da hukuncin wanda ya karya doka. Ya kamata a je a tambaye su tun suna nan, a rubuta da harshen da suka faɗa. Yaron da ya koyi dalilin da ya sa masuncin da Filini ya ba da labarinsa ba ya taɓa jagoran garke, zai gane da kansa dalilin da ya sa ake barin ƙofa a jikin dumba.