Jirgin fiton Glenelg

Jirgin fiton Glenelg ƙaramin jirgin ruwa ne da ke tsallakar da motoci da mutane daga ƙauyen Glenelg, a yammacin Sikotilan, zuwa Kylerhea a tsibirin Skye. Mashigin da yake ratsawa, Kyle Rhea, bai kai kilomita ɗaya ba, kuma tsallakawar ba ta wuce kimanin minti biyar. Yana aiki ne daga wajen bikin Ista zuwa watan Oktoba.

Jirgin

Sunan jirgin MV Glenachulish. An ƙera shi a garin Troon a shekarar 1969 domin fito a Ballachulish, amma gadar da aka buɗe a can a 1975 ta raba shi da aikin. An kawo shi Glenelg a farkon shekarun 1980. Motoci shida yake ɗauka.

Abin da ya bambanta shi shi ne dandamalin da motoci ke tsayawa a kai, wanda ke juyawa kamar faifai. Jirgin yakan jingina da gefen gangaren sauka, sai ma'aikata su tura dandamalin da hannu har bakinsa ya dace da gangaren. Ta haka direba ke shiga da gaba, ya kuma fita da gaba, ko teku ta cika ko ta janye. Wannan dabara ta dace da wurin, domin ruwan mashigin yana gudu da ƙarfi sosai. Shi ne na ƙarshe a irinsa da ke aiki a Sikotilan.

Tarihi

Kafin zuwan motoci, makiyayan Skye ta nan suke tsallakar da shanu zuwa kasuwannin kudu. Sukan jira ruwa ya lafa, su ɗaure shanun a jere da igiya, su ja su a bayan kwale-kwale suna iyo. An fara fiton motoci a 1934.

Buɗe gadar Skye a 1995, da soke kuɗin hawanta a 2004, sun jefa jirgin cikin barazana: gadar kyauta ce, ba ta kuma rufewa da hunturu. A 2007 wani kamfani mallakar al'ummar yankin ya karɓi ragamarsa. Yanzu masu yawon buɗe ido ne akasarin fasinjoji, duk da cewa hanyar zuwa Glenelg ta bi ta kan tudun Mam Ratagan, siririya ce mai yawan kwana, inda a wurare da dama sai mota ɗaya ta raɓe ɗaya ta wuce.