Gishiri, Sukari da Digirin Uppsala na 1884

A shekarar 1884 wani ɗalibi ɗan Suwidin mai shekara 25, Svante Arrhenius, ya kare kundin digirinsa na dakta a Jami'ar Uppsala, ya tsallake da ƙyar. Masu ba da labarin a yau sukan mai da malamansa wawaye, amma a ganina ba a yi musu adalci ba. Matsalar da Arrhenius ya tasa a gaba ita ce: tataccen ruwa kusan ba ya ɗaukar wutar lantarki, ka zuba masa gishiri ya ɗauka nan take, ka zuba sukari kuwa, ko ya narke tas, shiru kake ji. Tun 1834 Michael Faraday na Ingila ya raɗa wa ƙwayoyi masu caji da ke tafiya cikin ruwan suna ayon, sai dai yawancin masana sun ɗauka wutar ce ke farfasa gishirin ta samar da su. Arrhenius ya ce tun kafin a jona waya gishirin ya rabu gida biyu, ɓangare mai cajin tabbas da mai kishiyarsa, su ne ke dakon wutar. Ƙwayar sukari kuwa narkewa take ɗungurungum ba caji.

Ƙorafin masu suka yana da ƙarfi. Gishiri haɗin sodiyam ne da kulorin. Sodiyam ƙarfe ne mai tafarfasa da zarar ya taɓa ruwa, kulorin kuma iska ce mai guba, to yaya za a ce suna yawo daban-daban a cikin ruwan miya ba abin da ya faru? Amsar ita ce ayon na sodiyam ya rasa ilektiron ɗaya, halinsa ya sauya gaba ɗaya. Amma sai a 1897 J. J. Thomson ya gano ilektiron. Ke nan a 1884 babu mai wannan amsa, har shi ɗalibin.

Hujjar da ta cece shi daga wani fanni ta zo. François Raoult na Faransa ya auna yadda narkakken abu ke sa ruwa ya ƙi daskarewa sai sanyi ya ƙaru, kuma yawan ƙwayoyin ne ke da tasiri. Gishiri ya yi kusan ninki biyu na abin da lissafi ya nuna, alamar ya rabu biyu ke nan, sukari ya tsaya daidai. A 1887 Arrhenius ya nuna cewa wannan adadi ya dace da wanda ake samu daga awon lantarki, ga kuma goyon bayan masana irin su van 't Hoff da Wilhelm Ostwald, wanda ya taso takanas daga Riga ya same shi a Uppsala tun 1884. Lambar Nobel ta biyo baya a 1903.

Wani zai ce lambar ta kashe bakin masu suka. Ba duka ba. Mendeleev na Rasha da Henry Armstrong na Ingila sun dage cewa ruwa ba ɗan kallo ba ne, kuma a nan suna da gaskiya: ƙwayoyin ruwa ne ke janye ayon su kewaye shi. A 1913 wani masani mai suna Bragg da ɗansa suka haska ƙwayar gishiri da hasken X, aka ga sodiyam da kulorin jere bi da bi, ba a ɗaure biyu-biyu ba tun gishirin yana busasshe. A 1923 wasu masana biyu, Debye da Hückel, suka gyara lissafin Arrhenius inda ya gaza. Armstrong dai bai sauka ba, har a 1927 yana rubutu yana ƙaryata Bragg.